Takandar Suruki

A tungar Ladan, can bayan Salka inda hanyar babur take ƙarewa ta koma ta ƙafa, ba a kiran giwa da sunanta. Suruki ake cewa. Marigayi Ladan ne ya raɗa sunan, wai duk wanda zai zo gidanka ya ci ya ƙoshi, ya tafi ko sai an jima babu, kai kuma ba ka da ta cewa sai sunkuyar da kai, to wannan suruki ne. Sunan ya bi, har da kunyar da ke tafiya da shi. In Suruki ya iso, juya masa baya ake yi, ba a kallonsa a ido, ba a ɗaga murya.

Ba tsoro ne ya sa Ladan haka ba, dabara ce. Sauran manoma su yi ta kaɗa gwangwani suna korar giwaye, duk da haka su wayi gari gonar kamar an yi dambe a cikinta. Shi kuwa sai ya ware wata 'yar gayauna a bakin rafi, nesa da dawarsa, ya shuka takanda zalla. In giwaye suka fito daga daji da kaka, zaƙin takanda ya tare su a nan, su ci, su sha ruwa, su yi gaba. An yi masa dariya, an ce Ladan ya zama ɗan ƙwadagon dabba. Da aka ga rumbunsa kaɗai ke cika, dariyar ta koma ciki.

A wancan zamanin garke guda ke zuwa, uwaye da 'ya'ya, har ka ji ƙasa na motsi a tafin ƙafarka. Daga baya masu neman haure suka shigo dajin da manyan bindigogi. Kowace kaka garken ya zo a rage, kamar tsintsiyar da ake zare wa tsinke, har aka wayi gari saura ɗaya: wani tsohon toro mai haure guda, ɗayan ya karye tun ba a san ranar ba.

Tungar ma haka ta tsiyaye. Ladan ya rasu. 'Yan bindiga suka matsa wa yankin, aka yi ta kwashe kaya gida-gida ana komawa Salka da Kontagora. Aka bar matar Ladan, Salome, ita da akuya da 'yan kaji. Ɗanta Japhet da ke Minna ya zo da kansa ya ɗauke ta, 'yarta Alice ta yi kuka a waya daga Kaduna har katinta ya ƙare. Amsa ɗaya Salome ta ba su duka: "In na tafi, wa zai shuka takanda?" Suka ce tsufa ne ya fara taɓa mata kai. Ni dai ban ga taɓin kai a nan ba. Taurin kai ne, wannan kam tana da shi tun tana amarya.

Amma zaman bai da daɗi, kada wani ya ƙawata muku shi. Ta ɗora tukunya don cikin mutum ɗaya, ta ci tana kallon bango. Ranar Lahadi ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, ta je majami'ar da rufinta ya rufta, ta zauna a bencinta na da, ta rera waƙa ita kaɗai, ba mai amsa mata sai kurciyoyi. In tana son jin muryar 'ya'yanta sai ta hau wani dutse a bayan gida inda ake samun sabis, su kuma kullum suna kan hanya, kullum za su kira anjima. Akwai lokutan da in ta buɗe baki ta kira akuya, sai ta ji muryarta ta dushe don rashin amfani.

Kaka ce kaɗai ke rama mata. Da takanda ta nuna, wata rana da la'asar sakaliya za ta ji ƙarar karyewar kara daga bakin rafi. Sai ta wanke fuska, ta gyara ɗaurin kallabi, ta gangara. Akwai wani faffaɗan dutse a gefen gayaunar. A nan take zama, ta ba shi baya, ta fara zuba masa labarin shekara da Kambarci: wanda ya mutu, wanda ya haihu, gwiwarta da ke ciwo, Japhet da ya ƙi yin aure. Shi yana can yana tauna a hankali, don haƙoransa sun cinye. Jefi-jefi wani gurnani ya taso daga cikinsa, ita kuma ta ɗauka ya ce "to". Haka za su yi kowace yamma har takandar ta ƙare, ya kama hanyarsa sai baɗi.

Tukuicin da yake bar mata kashi ne, curi-curi a bakin rafi. Kada ku raina shi. A kasuwar Kontagora akwai Mika'ilu mai maganin gargajiya, shi ke saye, don mata na neman kashin giwa su turara yaran da ke firgita cikin barci. Ko yana yi ko ba ya yi, Allah masani. Mika'ilun nan ne ke da wani baƙin ƙaho a kan tabarmarsa da yake rantsuwa na karkanda ne. Kowa ya san daga kwata ya samo shi, amma wa zai ƙaryata shi? Ko kakanninmu ba su ga karkanda a ƙasar nan ba, sunanta kawai aka bar mana.

Doka ɗaya Ladan ya kafa a kan kashin: ba a kai shi kasuwa ɗanye. A shanya shi a kan jinkar rumbu, ya sha rana, ya sha damina, sai ya shekara ya yi fari tukuna. "Ɗanyen kashi yana da baki," haka kawai yake cewa. Salome ta riƙe dokar kamar yadda ta riƙe sauran maganganunsa, ba ta taɓa tambayar dalili ba.

A kakar da abin ya faru, Suruki bai daɗe da isowa ba ta hau dutse neman Alice, sai ga kiran Mika'ilu.

"Gwaggo, don Allah ki taimaka. Jaririn Salihatu maƙwabciyata ne, ba ya barci, ba ya barin kowa ya yi. Nawa ya ƙare tas."

"Ai na bara na kawo maka duka, Malam. Na bana bai bushe ba."

"Ko yaya yake ki kawo, ni zan shanya."

An ce jariri, an kuma ce don Allah. Washegari ta zuba curi a buhu, ta taka zuwa bakin hanya, ɗan kabu-kabu ya kai ta Salka, mota ta ƙarasa da ita Kontagora. Mika'ilu ya yi ta godiya, ya zazzage buhun a gefen tabarma don ya sha iska, ya ɗauki curi ɗaya. "Ki duba mini rumfa, Gwaggo, in miƙa mata, in yi azahar in dawo."

Bai jima da tafiya ba wani mutum ya tsaya. Fes da shi, riga a goge, fuska cike da fara'a. Ya tsuguna, ya ɗauki curi, ya ɓare shi biyu, ya murza da yatsa, ya sunsuna.

"Mama, sannu da hutawa. Kayanki ne?" Ya kalli zanen zumuntar da ke jikinta. "Ashe ma uwata ce. Ni ma Kirista ne, sunana Sunday."

Ya kira mai kunun zaƙi ya sayo mata, ya jawo benci ya zauna. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin giwa ba sai a hoto, ashe akwai saura? Ya ce wannan tauna ai ta tsoho ce, dubi ganye ko narkewa bai yi ba. Wannan kuma ba ɓawon takanda ba ne? Wa ke da takanda a daji haka?

Shekaru ke nan ba wanda ya tambayi Salome labarin Suruki. 'Ya'yanta in ta ɗauko maganar sai su sauya ta. Yau ga ɗan mutum ya zauna, ya tattara hankalinsa duka ya ba ta, yana dariya inda ya kamata, yana "ikon Allah" inda ya kamata. Bakinta ya ɓalle kamar an fasa kwalbati. Ta ba shi labarin Ladan da gayaunarsa, da rafin, da lokacin da Suruki ke fitowa. Ta miƙe tsaye ta ɗaga hannu sama ta gwada masa tsawon hauren, ya fi taɓarya nesa ba kusa ba. Rabonta da jin daɗin hira irin wannan tun Ladan na da rai, kuma wannan ne ya fi ci mini rai a duk labarin.

Mika'ilu ya dawo daidai lokacin da mutumin ke sallama. Ya bi bayansa da kallo har ya ɓace a layin 'yan tumatir.

"Gwaggo, me kika faɗa wa mutumin can?"

"Hira muka yi. Yaro mai ladabi."

"Innalillahi! Sunday mai fatu ke nan. Fatar kada, fatar mesa, duk yana saye yana turawa kudu. Amma abin da ya fi nema haure ne, yana da maharbansa." Ya kalli curin da aka ɓare, ya dafe kai. "Laifina ne, ni na ce ki kawo ɗanye. Busasshe ba ya nuna komai, ana iya cewa daga wata ƙasa ya zo. Wannan kuwa ko makaho ya taɓa ya san mai shi yana kusa, yana kuma numfashi."

Sai a lokacin ta gane bakin da Ladan ke nufi. Ta ture sauran kunun gefe. Mika'ilu ya kira wani mai gadin daji da ya sani. Mutumin ya ce za su zo, amma suna da nisa, ba su da yawa, hanyar kuma sai da rakiya. Za su zo dai, amma ba gobe ba.

Da safe ta gangara rafi, ta ga sawun babur a kan yashi, da guntun taba. A jikin wani maɗaci da ke kallon gayaunar an sassare rassa, an ɗaura itace a gicciye inda mutum zai zauna ya jingina bindiga. Sun zo sun duba, saura su dawo da kayan aiki. Takandar kuwa ko rabi ba a ci ba, kuma ta san Suruki ba zai gusa ba sai ya ga bayanta. Sabo turken wawa, in ji masu magana, su biyun kuma turke ɗaya ya ɗaure su.

Ta koma gida ta ɗauko adda. Tsohuwar da gwiwa ke hana ta tsugunno, ita ta sare gayaunar nan kaf, ta tara karan tsibi-tsibi a kan hanyar da yake biyowa, ta cusa busasshiyar ciyawa a ƙarƙashi. Ta kwaso barkonon da ta noma na shekara, tsidugu mai sa babba kuka, ta zuba a turmi, ta haɗa da kashinsa da ke kan jinka, ta kirɓa. Tana daka tana atishawa, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na barkono ne ko nata ba. Wannan ne hayaƙin da manoma ke yi wa giwaye don su kore su, Ladan kuwa ya rantse ba za a taɓa yin sa a ƙasarsa ba.

Da la'asar ta kunna wuta. Iska ta kwashi hayaƙin ta nufi daji da shi. Ta tsaya da daro da muciya a hannu, da kaskon garwashi a gabanta.

Suruki ya fito a lokacinsa, yana tafiyar nan tasa ta wanda ba ya sauri don kowa. Da hayaƙin ya buge shi ya tsaya, ya ɗaga hanci, ya kaɗa kunnuwa. Ta buga daro da iya ƙarfinta. Ta zaci zai juya. Ina! Ya sunsuno warinta a cikin hayaƙin, ya yi gurnanin nan nasa na "to", ya kewaye wutar ya nufo dutsen da take zama. Shi a ganinsa gobara ce ta kama, Salome kuma ai tasa ce.

Sai ta yi abin da ba a taɓa yi ba a tungar Ladan. Ta juyo ta fuskance shi, ta kalle shi cikin ido. A duk shekarun nan ba ta san idonsa ƙarami ne haka ba, da dogon gashi, da ruwa kwance a gefe kamar na kowane tsoho.

"Giwa!" ta ƙwala masa, da Hausa, da muryar da ake korar ɓarawo. "Tafi! Ba ka da kowa a nan! Tafi, na ce!"

Bai motsa ba. Ta ɗebo curin barkono mai ci da wuta a kasko ta watsa masa a fuska. Ya same shi a gindin hanci. Ƙarar da ya yi, tsuntsayen rafin duka suka tashi. Ya ja da baya yana murza fuska a ƙasa, ya miƙe, ya tsaya yana kallonta. Da ya ga dama taku kaɗan ne tsakaninsu, da an gama. Bai yi ba. Ya juya ya ratsa rafin, ya shiga daji da sauri irin wanda ba ta taɓa ganin ya yi ba. Ta ci gaba da bugun daro har bayan ta daina jin karyewar itace, don kada ya yi tunanin dawowa.

Da hantsi washegari Sunday ya iso da mutum biyu da dogon abu naɗe a buhu. Suka tarar da toka da tsohuwa zaune a kan dutse, idanu a kumbure. Fara'ar nan duk ta tafi.

"Mama, kin cuci kanki. Da kin bari, da na gina miki gida a Kontagora."

"Ina da gida," ta ce.

Suka bi sawu suka tsallaka rafi. Ba ta ji harbi ba, amma daji da faɗi, bindiga kuma ba ta neman izinin kunnenta. Masu gadin daji sun zo daga baya, suka duba, suka yi mata sannu, su ma ba su san komai ba.

Wannan rashin sanin ne ya zauna da ita shekara guda. Da ruwa ya sauka ta sake shuka takanda, ko da yake ta san giwa ba ta mantuwa. Kaka ta zo, takandar ta yi kyau kamar da gayya. Kowace la'asar ta wanke fuska ta gangara, ta zauna a kan dutse ta ba gayaunar baya, ta kasa kunne. In iska ta karya kara sai ta zabura, ta zaci shi ne. Ta gwada ba da labarin shekara haka nan, ta ji abin ba ya tafiya in ba mai cewa "to". Ta yi kewarsa fiye da yadda ta yi kewar mutanen tungar duka, ba ta kuma ji kunyar faɗa wa kanta haka ba.

Da karan ya fara bushewa a tsaye, ta sare mafi kyau ta yi dami, ta ce gara yaran birni su sha da gara ta cinye. Ranar kasuwa ta sauke damin a rumfar Mika'ilu don ta huta. Ta tarar da wata matashiya da goyo tana kwance bakin buhu, Mika'ilu na cewa, "Gwaggo, ga Ruka, yanzu ta sauka daga motar Rijau. Zo ki ga abin da ta kawo."

Salome ta tsuguna, gwiwa ko ba gwiwa. Ta ɗauki curi ta ɓare. Da danshinsa. Ganye ga shi nan ɗai-ɗai ko narkewa bai yi ba, taunar wanda haƙoransa suka cinye. Ta ɗago ta kalli Ruka.

"Haurensa nawa, 'yar nan?"

"Ɗaya ne, Iya. Yana da wani tabo a gindin hanci kamar ƙuna. Mugu ne, ko inuwar mutum ya gani sai ya gudu. Yana fitowa ne ta bayan ƙauyenmu, wajen..."

"Rufe bakinki!" Salome ta daka mata tsawa har goyon ya farka. Ta sassauta murya. "Kada ki faɗa mini. Ni bakina ba shi da ƙofa, an gwada an gani. Kada ki faɗa wa Malam, kada ki faɗa wa duk wanda ya saya miki kunu."

Ta tattara curin ta mayar cikin buhu da kanta, ta ɗaure bakin tamau. Ta koya wa Ruka dokar Ladan, a kan jinka sai ya shekara. Ta koya mata a ware gayauna a bakin ruwa nesa da dawa, a juya masa baya, kada a ɗaga murya. Sannan ta jawo damin takandar ta tura gabanta, har da zangarniyar a jiki.

"Zangarniyar ki ajiye, ta iri ce. Karan ki kai masa, yana son wanda ya yi ja a gindi."

"Iya, nawa zan ba ki?"

"Ba na sayarwa ba ne, nasa ne." Ta miƙe tana dafa bango, ta ɗauki gammonta. Har ta yi gaba sai ta dawo. "In kin je, ki fara jiƙa shi a rafi, ki wanke kara ɗaya-ɗaya, ki wanke sosai."

"Ai ba datti a jikinsa, Iya."

"Hannuna ya taɓa shi," in ji Salome. "In ya ji warina ba zai ci ba."